Saƙon da Injina Ya Aika wa Mamaci

Ba zan taɓa mantawa da safiyar addu'ar bakwai ɗin Baba Hamisu ba, ko da duk mutanen unguwar Adjamé za su yi mini alfarma su manta. Har yau idan na ji wayoyi da yawa sun yi ƙara lokaci guda, a ofis ne ko a gidan biki, sai safiyar nan ta dawo mini sabuwa.

Bari in faɗi ko ni wace ce, don a san irin wadda abin ya faɗa wa. A unguwar Treichville aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata ma. Kakana ne ya taho daga Damagaram tun yana saurayi, ya zauna bai koma ba. Hausata a lokacin ta cikin gida ce, ta "miƙo tsintsiya" da "an kira salla". Duk abin da ya wuce wannan da Faransanci nake tunaninsa. Na yi karatun kwamfuta, ina aiki a wani ofishin masu fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, ni ake kira idan na'ura ta ƙi buga takarda. Ba wani babban aiki ba ne. Amma a cikin dangi "injiniya" ake ce mini, ni kuma ban taɓa gyara musu wannan kuskuren ba.

Hausawan Adjamé da na Treichville muna da rukunin hira a manhajar nan da kowa ke amfani da ita, inda ake sanar da haihuwa da rasuwa da ɗaurin aure. Sai wata rana wani ɗan damfara ya kutsa ciki, ya sa hoton wani dattijo, ya riƙa roƙon mutane da sunansa. Ran dattawa ya ɓaci. Nan na ga dama ta samu. Na ce ai za mu iya yin namu wurin hirar, a kan kwamfutarmu, a cikin gidanmu, babu mai shiga sai wanda muka sani. Ban iya tsayawa gaban dattawa in faɗi haka ba, don haka na gaya wa Baba Hamisu, shi kuma ya kai maganar harabar masallaci bayan la'asar.

Baba Hamisu aminin mahaifina ne, tun kafin mahaifina ya rasu har bayansa. Albasa yake sayarwa a Adjamé, buhu-buhu, daga wajen garin Tawa, can arewa, ake sauko masa da ita. Shi ya ba ni labarin yadda taron ya kaya. Ya ce da ya gaya musu ana buƙatar serveur, wato kwamfutar da za ta riƙe komai, sai wani Alhaji ya ɗauka mai raba abinci ake nufi kamar na gidan cin abinci, ya tambaya, "To shi wannan serveur ɗin, Musulmi ne?" Baba ya ce masa, "A ɗakin ɗiyar Malam zai zauna, in ma ba Musulmi ba ne zai musulunta." Malam ɗin mahaifina ke nan. Da wannan aka amince.

Na je Black Market, kasuwar kayan lantarki da ke Adjamé, na sayi tsohuwar kwamfuta, na rungumo ta a mota kamar jaririya har Treichville. Na ajiye ta ƙarƙashin tebur a ɗakina, na sa mata fanka, na haɗa mata batirin da zai riƙe ta idan aka ɗauke wuta. Mahaifiyata ta shimfiɗa mata mayafi mai ado don kada ƙura ta taɓa ta (na cire ya fi a ƙirga, tana mayarwa). Na sa wa wurin suna Zaure. Mutane kuma suka sa wa kwamfutar suna "injin". Na bi shago-shago da gida-gida ina saka wa mutane manhajar a waya, ina nuna musu inda za su danna. A kowane gida sai na yi jawabi: komai na nan a hannunmu, babu abin da zai ɓace, ina da kwafin komai a wani faifai daban. Na faɗi wannan maganar ta kwafi da bakina a gaban mutane da yawa. Ku riƙe ta.

Babu wanda ya so Zaure kamar Baba Hamisu. Ba ya rubutun boko, saboda haka murya yake aikowa. Kowace safiya idan ya buɗe shago, ya zauna a kan buhu, sai mu ji: "Assalamu alaikum jama'ar Zaure, Hamisu ne," kamar akwai wanda zai ɗauka wani ne. Zai gai da kowa, ya faɗi yadda kasuwa ta tashi, daga nan kuma sai ya kauce hanya. Yau labarin yadda ya fara sauka a tashar Adjamé a saman motar albasa da riga ɗaya. Gobe labarin mutumin da ya ba shi wurin kwana a bayan shagonsa, ko yadda ya koyi Julanci, harshen 'yan kasuwa, kafin ya san gaisuwar Faransanci, ko wa ya aurar da wa, wa ya yi wa wa wankan gawa. Sunayen mutanen da suka rasu tun ba a haife ni ba, duk suna bakinsa. Akwai wata safiya da ya yi ta kan mahaifina kaɗai, yadda mahaifin nawa ya zaunar da shi a bakin masallaci ya koya masa sa hannu a takarda. Wannan na saurare ta har na kusa haddacewa.

Matasa kuwa ƙorafi suke yi. Suna cewa saƙon Baba ya fi huɗuba tsawo. Shi ko a jikinsa. Ni ma ban tsira ba, don duk sanarwar da na rubuta sai ya sa an karanta masa, sannan ya amsa a gaban kowa: "Ɗiyata, Hausar nan taki ta sha ruwan gishiri. Ba haka ake cewa ba." Sai ya gyara mini. Yawancin Hausar da kuke karantawa yanzu daga waɗannan gyare-gyaren ta fito.

To, da Zaure ya kama, sai kaina ya fara girma. Na lura wasu na shiga su yi shiru, ba sa cewa komai. Wannan ya dame ni kamar mai gidan biki da ta ga baƙi ba sa cin abinci. Sai na ƙirƙiro dabara. Na shirya injin ta yadda duk wanda ya yi mako guda bai ce uffan ba, zai kira sunansa a babban ɗakin hira, a gaban kowa, da ɗan saƙon zolaya. Ni na rubuta saƙon da hannuna. Na yi ta gyara shi har ya yi mini daɗi, na ƙara masa fuskar nan mai dariya da hawaye a ƙarshe. Farkon waɗanda ya kama sun ji daɗi, aka yi ta tsokanarsu, suka dawo. Na ji kamar in ba kaina lambar yabo. Daga nan na manta da shi gaba ɗaya, kamar yadda mutum ke manta fankar da ke juyawa a kansa.

Baba Hamisu ya rasu ba tare da jinya ba. Da hantsi ya aiko mana gaisuwarsa, bayan azahar ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a kai shi asibiti ya cika. Ni na rubuta sanarwar a Zaure, ina rubutawa ina share hawaye, kuma a karon farko babu wanda ya gyara mini Hausa. Kwanakin makokin kullum ina gidan. Na yi wanke-wanke, na raba ruwa, na riƙe takalman baƙi. Komai na tuna, ban da abu ɗaya.

Ranar bakwai aka kafa rumfa a titin ƙofar gidansu, aka jera kujerun roba, maza suka cika har wajen masu sayar da garba, abincin nan na garin rogo da kifi. Mata muna ciki. Ni, saboda kusancinmu da gidan, ina cikin ɗakin matarsa, Inna Rabi, a bakin tabarmarta. Ta yafa mayafin takaba, carbi a hannu ɗaya, wayar mijinta a kan cinyarta, don tun ranar rasuwar ba ta yarda an raba ta da ita ba. Mahaifiyata na gefena. Liman na addu'a a lasifika daga waje, muna amsawa da amin. Ya kai ƙarshe, aka shafa, aka yi wannan ɗan shirun da ake yi kafin a fara raba sadaka.

A cikin shirun nan wayoyi suka yi ƙara. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. A jakunkuna, a ƙugun zane, a waje ƙarƙashin rumfa, har da wadda ke kan cinyar Inna Rabi.

Akwai wata Tanti Mariya, mai sayar da atamfa, mace mai son karanta wa mutane abu. Ta ɗauka ta'aziyya ce daga wani na nesa. Ta gyara tabarau ta ce, "Saƙo ne daga Zaure, da sunan marigayi a ciki." Sai ta fara karantawa da ƙarfi, da muryar nan ta ladabi:

"Baba Hamisu, ina ka shiga ne? Mako guda ke nan ba mu ji ɗuriyarka ba. Ko fushi kake yi da mu? Ka dawo mana, jama'a na..."

Nan ta tsaya. Sauran ta karanta a zuci: "jama'a na jiranka." Sannan fuskar dariya. A ƙasa kuma an rubuta "Mai kula da Zaure", kuma babu wanda ke cikin ɗakin nan da bai san ko wace ce ba.

Wata tsohuwa ta ce "inna lillahi" a hankali. Mahaifiyata ba ta kalle ni ba, tabarma ta kalla, kuma da ma ta mare ni ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki in ce ba ni ba ce, injin ne, sai na ga ai ba shi da ma'ana. Injin ɗin nawa ne, kalmomin nawa ne, har fuskar dariyar ni na zaɓo ta. Daga waje aka fara jin guna-guni. Sai labule ya ɗaga, Sanusi ya leƙo, babban ɗan marigayin, wanda ya zo daga Faransa saboda rasuwar. Idanunsa jajawur. Ya nuna mini wayarsa, ya tambaye ni da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa, "Ke ce?"

Na ce, "Kuskure ne, Yaya. Injin shi kaɗai yake aikawa."

Ya ce, "A ranar nan?" Ya saki labulen.

Ban kalli Inna Rabi ba. Ban iya ba. Na miƙe na tsallake ƙafafun mata, na fita ta tsakar gida, na zura takalman da na fara tararwa (sai a cikin taksi na gane ɗaya nawa ne ɗaya na wata baiwar Allah ne mai ƙafa babba). Dole kuma na ratsa gefen rumfar maza. Suka bi ni da ido, kowa da waya a hannu.

Duk tsawon hanya, har muka haye gada, abu ɗaya ke cikin kaina: in goge. In share shi kamar ba a taɓa yi ba. Na shiga ɗaki ko mayafi ban cire ba, na zauna gaban injin. Na goge saƙon. Na kashe tsarin zolayar. A nan ya kamata in tsaya, don aikin ya ƙare. Amma zuciyata na raya mini cewa wani abu zai sake kiran sunan Baba, gobe ko jibi, ko ranar arba'in. Sai na buɗe asusunsa na danna gogewa. Injin ya tambaye ni, da jan rubutu, ko na tabbata ina son cire wannan mutum da duk abin da ya taɓa aikowa. Ni da nake yi wa mutane faɗa a ofis kan danna abu ba su karanta ba, ban karanta ba. Na danna. Har ajiyar zuciya na yi.

Na ɓuya a gida da ofis na wasu kwanaki. Zaure ya yi tsit, sai gaisuwar Juma'a. Sannan wata safiya mahaifiyata ta ce, "Inna Rabi na nemanki."

Na tafi ina bitar ban haƙuri a cikin mota, da Hausa, don kada in ɓata shi. Na same ta ita kaɗai a ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta, na fara: "Inna, ku yi mini aikin gafara, abin da ya faru ranar nan..."

Ta ɗaga hannu. "Wancan? Bar shi, ɗiyata. Ai bai faɗi ƙarya ba. Ni ma tun ranar da ya tafi tambayar da nake yi ke nan, ina ya shiga. Injinki ne kawai ya fi ni ƙarfin hali ya faɗa a fili."

Na ji wani sanyi ya sauko mini. Na ce a raina ashe na tsira.

Sai ta miƙo mini wayar Baba. "Ba shi ya sa na kira ki ba. Wannan ce ta lalace. Matar Sanusi ta nuna mini inda zan taɓa in ji muryarsa. Kowace safiya, lokacin da ya saba fita, sai in kunna ɗaya, in sha kokona. Tun ranar bakwai na taɓa, na taɓa, ba ya magana. Duba mini, ke kika san kanta."

Na karɓi wayar. Na buɗe Zaure, na yi sama, na yi sama. Ga amsoshin mutane nan: "Allah ya saka, Baba." "Baba yau ka daɗe." "Amin, Baba." Amsoshi rataye, babu abin da suke amsawa. Kuma ni da kaina na shirya manhajar yadda muryoyi ba za su zauna a wayoyin mutane ba, daga injin ake jiyo su, don kada wayoyin tsofaffi su cika.

Ta ce, "Zai gyaru?"

Na ce, "Ina da kwafi, Inna." Na faɗa da gaskiyata. Har lokacin na yarda da kaina.

Na koma Treichville na jona faifan kwafin. Komai na nan tsaf: rubuce-rubuce, sunaye, hotunan suna da na biki. Na buɗe wurin muryoyi, babu komai. Sai a lokacin na tuna. Tun farkon kafa Zaure, da na ga faifan ƙarami ne kuma muryoyi na cin wuri, na cire su daga abin da ake kwafa, da niyyar in na sayi babban faifai in mayar. Ban saya ba. Abin da ya rage na Baba a cikin kwafin shi ne layi-layi masu cewa a rana kaza ya aiko murya mai tsawon kaza. Na zauna ina kallon layin safiyar da ya yi maganar mahaifina. Yana nan, da ranarsa da tsawonsa, babu sauti.

Na ciro faifan injin na kai Black Market wurin masu tono abin da aka goge. Suka riƙe shi suka gwada. Amma injin ya ci gaba da aiki duk kwanakin da na yi ina ɓuya, sababbin abubuwa sun hau kan tsofaffin. Abin da suka tono guntaye ne, ƙara kamar ta rediyon da bai kama tasha ba.

Faɗa wa Inna Rabi ya fi ranar bakwai wuya, duk da babu ɗan kallo ko ɗaya sai Sanusi da ke zaune a bakin ƙofa. Na faɗi komai yadda yake, ban ce injin ne ba. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta ce, "To." Ta kifa wayar a kan tabarma.

Sanusi ya raka ni har titi. Na ɗauka zagi zai yi, na ma shirya karɓa. Sai ya ce, wannan karon da Hausa, irin tawa mai ruwan gishiri, "Kin san ban taɓa sauraron ko ɗaya har ƙarshe ba? Kullum ina cikin jirgin ƙasa ko wurin aiki. Sai in ce suna nan, in na samu lokaci zan zauna in ji, in sa yarana su ji." Ya kalli motocin da ke wucewa. "Ba ke kaɗai ba ce. Amma ke ma ke ce." Ya juya ya koma ciki.

Daga nan na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na fito fili. Na rubuta a Zaure abin da na aikata, na roƙi duk wanda ya taɓa ajiye muryar Baba a wayarsa ya taimake ni. Sannan na sake bin shagunan da na bi a da ina jawabi, wannan karon kaina a ƙasa. Yawanci sai a ce, "Wayyo, ai mun ɗauka tana wurinki." Masu ƙorafin tsawon saƙonsa su suka fi kowa jimami. Tanti Mariya ta duba wayarta a gabana har sau biyu, ta ce da ta sani da ba ta karanta ba. Na ce mata karatunta ba shi ya goge komai ba.

Na samu kaɗan. Wani direban babbar mota a tashar Adjamé ya ajiye wasu don ya riƙa ji a hanyar arewa inda waya ba ta kamawa. A cikinsu akwai labarin riga ɗaya da motar albasa. Wata mata ta ajiye wadda Baba ya yi wa jaririnta addu'a. Ta mahaifina ba wanda ya ajiye. Me zai sa? Ni ce ya kamata, ni kuma ina ganin injin a ɗakina yake.

Ta ƙarshe daga wurin wani mai gyaran babur ta fito. Ya yi ta jan ƙafa kafin ya ba ni, don ya ce shi don dariya ya ajiye ta. Wata Juma'a ce Baba ya gama gaisuwarsa daga gida, ya manta bai kashe ba, ya jefa wayar a aljihu. Ana jin takunsa, ana jin ƙarar ƙofa. Sannan muryarsa: "Rabi, ina hulata?" Muryar Inna daga nesa: "Wace?" "Farar." "Tana kanka, Alhaji." Shiru kaɗan. Sai ya ce, "To ai gwada ki nake yi." Ana jin dariyarta. Shi ke nan.

Na haɗa su duka na saka mata a cikin wayar kanta, inda ko injina ya ƙone ba za su tafi ba, na kuma aika wa Sanusi. Na zauna da ita muka ji ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo ta hular, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na motsi, ban iya gane dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Ta ce in sake kunnawa. Na sake. Ta ce, "Ashe haka muryata take." Da zan tafi ta ba ni albasa a leda, kamar yadda Baba ya saba yi, ta ce in gai da mahaifiyata. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Sanusi ya amsa da kalma ɗaya ta godiya. Tun daga nan muna gaisawa da salla, iyakarta ke nan.

Na nemi in sauka daga kula da Zaure. Dattawa suka zauna, suka duba, suka ga babu mai so, suka ce in ci gaba. Don haka injin na nan ƙarƙashin teburina. Na sayi babban faifan. Yanzu idan aka yi rasuwa a cikinmu, kafin in tafi gidan makoki sai na zauna na kwafe duk abin da mamacin ya taɓa faɗa, na kai wa iyalinsa a hannu. Injin kuma ba ya sake magana da kowa sai da izinina.

Idan aka tambaye ni abin da na koya, mutane na jiran in ce a riƙa ajiye kwafi. Wannan ai tun a makaranta aka gaya mana, na ma ci jarrabawarsa. Abin da ban sani ba shi ne, kunyar da na ji a ɗakin nan, da na zauna na shanye ta, da kafin la'asar ta zama labarin da ake bayarwa ana girgiza kai. Gudun da na yi mata shi ya yi ɓarnar. Saboda haka yanzu idan na tafka abin kunya (kuma ina tafkawa, ban daina ba), ba na tashi, ba na gyara komai. Zama nake yi in naɗe hannuwana har sai kunyar ta huce.